Zomon da Aka Hana Mutuwa Sai Rabi Ta Haihu

Ku 'yan majalisar bakin tasha, ku ne masu cewa wai aikina ba aiki ba ne, wai zama nake ina wasa da ɓeraye masu dogon kunne. To ku matso ku ji. Kai mai jar hula, ɗauke ƙafarka daga jikin kwalin nan, akwai mara lafiya a ciki, kuma ya fi ka tarbiyya.

Sunana Nafi'u, amma in ka zo Rano ka ce Nafi'u sai a ce maka wanne. Ka ce Dokta Zomo, ko akuyar unguwa sai ta raka ka har ƙofar gida. Makaranta na taɓa ta har aji uku na sakandare, daga nan muka rabu lafiya, ba ta neme ni ba, ni ma ban neme ta ba. Doktan nan ba takarda ce ta ba ni ba, 'yan tsokana irinku ne suka liƙa min, ni kuma na riƙe abina.

Abin da ke ciyar da ni zomon gida ne, farare da baƙaƙen nan da kuke gani a keji. Amma abin da ya sa aka san ni, 'ya'yan zomon daji ne. Da damina ta zauna sai a fara kawo su. Wani lauje ne ya yanke shi, wani garmar shanu ta bi ta kansa, wani kare ya cinye uwarsa, wani kuma yaro ne ya tsinto ya cusa a aljihu tun hantsi har ya galabaita. Mai kawowa, wani ya ba ni ƙwai, wani ɗan gero a leda, wani ya ce Allah ya biya ya kaɗe rigarsa ya tafi. Ribar tana gaba. Yaron da na karɓe wa na daji sai ya yi ta birgima har ubansa ya zo ya saya masa na gida. Kun ga ai ba a banza nake zaune ba.

A wajen Baba Tanimu na Fammar na koya. Tsohon mafarauci ne, ido ya yi masa rauni ya rataye bindiga. Shi da bakinsa yake cewa ya gama da iyayen, bari yanzu ya lallaɓa 'ya'yan ko Allah ya sassauta masa. Ranar da na fara zuwa wajensa, ɗan zomo na tsinta a gindin kunyar gyaɗa, na sa shi a hula na kai masa, ina ta washe baki. Ya shafa cikinsa da babban yatsa ya ce, "Kai ɗan nan, wa ya ce maka maraya ne?"

Na ce, "Baba, shi kaɗai na gan shi. Ba uwa ba kowa."

Ya ce, "Ciki a cike tam, ido tar. Uwarsa na can tana kiwo, sai rana ta faɗi ta zo ta shayar da shi ta gudu. Haka suke yi. Kai ne dai ɓarawon yara. Mai da shi inda ka ɗauko."

Da ƙafa na koma cikin rana, na ajiye shi a gurbinsa, na dawo. Har yau rabin waɗanda ake kawo min, korar masu su nake yi su mayar. In ciki a cike yake kuma ba jini, ba ruwanka da shi.

Abu na biyu da Baba ya dasa min a ka shi ne tsoro. Na daji ba irin na gida ba ne. Shi da gashinsa yake zuwa duniya, ido a buɗe, tsoronsa kuma a shirye. Ciwo bai cika kashe shi kamar tsoro ba. Kana buɗe shi kana nuna wa abokai, ya yi lamo a hannunka, kana cewa ai ya saba da ni. Ƙarya kake, zuciyarsa ce ke shirin tsayawa. Gari na wayewa ka tarar da shi a sandare, ba ciwo ba komai.

Kayan aikina ga su nan cikin tsohon gwangwanin madara, ba wani abin a zo a gani. Sirinji da aka cire wa allura, na sa masa ɗan robar bawul ɗin keke a baki. Kwalbar magani da nake cikawa da ruwan ɗumi in naɗe da tsumma, ita ce uwa. Gishiri, zuma, auduga, da kwali mai ƙananan huji. Sai toka da nake zagaye kwalin da ita saboda tururuwa. Babban abin kuwa madarar akuya. Ba ta saniya ba, ba ta gwangwani ba. Ta saniya kumbura musu ciki take yi. Ta akuyar a wajen Inna Dije nake samu, wata Bafulatana da ke zaune a bayan Yalwa. Ba ta taɓa ganina ta ƙyale ni ba. "Kaɗo, kai ba ka yi aure ba, amma kullum cikin goyo kake."

Shekarar da ta kusa kore ni daga sana'ar ita ce shekarar da feshi ya shigo gadan-gadan. Kowa ya sayi tankin goyo ko ya aro, ana fesa maganin ciyawa har bakin hanya, har kan iyakar gona inda da ba mai taɓawa. Ciyawar da aka fesa da safe, da yamma tana nan kore shar, ko wane ne kai ba za ka gane ba. Aka kawo min damin ciyawar harkiya na zuba wa zomayena. Washegari na fito na ji keji ya yi tsit. Iyaye, 'ya'ya, har ƙaton namijin da nake ji da shi. A buhu na kwashe su. Yayyenku da ke riƙe da majalisar nan a lokacin suka canza min suna daga Dokta zuwa Mai Maƙabarta. Ba mai saye, ba mai kawowa. Har na fara zagayawa wajen masu wankin babur ina tambayar ko suna neman hannu.

Ana cikin haka Yaya Sale ya zo. Mutumin Durba ne, yankan ciyawa yake yana kai wa masu kiwon raguna, a nan muka san juna. Ya diro daga keke bai ko jingine shi ba, ya bar shi ya faɗi. Ya buɗe wani tsumma a gabana. Ɗan zomo ne, bai cika tafin hannu ba. Lauje ya tafi da rabin kunnen hagu, ya sauka a kafaɗa ya buɗe fata. Jini ya bushe da ƙasa, ƙuda na bi.

Na ce, "Yaya Sale, wannan ai sai dai addu'a. Ko ka kai wa mage ta sa maka albarka."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Nafi'u, don girman Allah kada ka bari ya mutu. Rabi na da tsohon ciki."

Rabi matarsa ce. Na ce, "To Allah ya sauke ta lafiya. Amma me ya haɗa ta da wannan? Ƙaninta ne?"

Ya zauna a ƙasa dirshan ya yi min bayani. A gidansu in matar mutum na da ciki, ba ya kashe abu mai rai da hannunsa sai ta haihu. Ko kaza ce, maƙwabta ake kai wa su yanka. Mahaifiyarsa, Iya Abu, ita ke riƙe da dokar, a wajen tata uwar ta gada. Wai in miji ya kashe, abin kan cikin yake komawa. To ga shi ya kai lauje cikin ciyawar kyasuwa ya ji ƙara kamar ta jariri. Da a can ya yar ya kama bakinsa, da shi ke nan. Sai ya ruɗe ya tafi da shi gida, Iya ta gani, Rabi ta gani. Ga shi kuma cikin Rabi na farko, ɗan bai zo da rai ba.

Na ce, "Yaya, kai ma ai ka san camfi ne."

Ya ce, "Na sani. Sai da na biya ta wajen liman, ya ce min rai da mutuwa na Allah ne, kuma ba da gangan na yi ba. To kai je ka faɗa wa Rabi. Tun da ta ga jinin nan ko ruwa ba ta kai bakinta ba. Iya ta ce muddin yana numfashi, ban kashe ba. Ka riƙe min shi kawai ta haihu. Daga nan ko soya shi za ka yi, ba ruwana."

Kun ji fa. Ni da aka gama raɗa wa Mai Maƙabarta, ni aka kawo wa zomon da aka hana mutuwa.

Abin da gaggawa ke sa mutane yi shi ne su ɗura masa madara nan take. Kada ku kuskura. Jikinsa sanyi ƙalau, kuma cikin da ya yi sanyi ba ya narka komai. Na kwantar da shi jikin kwalba, na rufe kwali, na kori Yaya Sale waje, don irin nishin da yake yi kaɗai ya isa ya ƙarasa zomo. Da jiki ya yi ɗumi na wanke ciwon da ruwan gishiri, na bi da tsinke ina ciro ƙwayayen ƙuda, farare ƙanana kamar tsakin shinkafa. Ka bar ko kaɗan, gobe tsutsa ce. Na shafa zuma, na zagaye kwali da toka. Kunne kam ya tafi, ba yadda za a yi. Sai da rana ta faɗi, lokacin da uwarsa ta saba zuwa, na naɗe shi a tsumma na zaunar da shi. A zaune ake ba su, ba a rigingine kamar jariri ba, don madara in ta bi ta hanci an gama. Na ɗiga masa a gefen baki, ya ƙi. Na sake, ta gangaro ta haɓa. Na yi ƙasa da murya na ce, "Alhaji, ka taimaka, mutuncina a hannunka yake." Can sai na ga maƙoshi ya motsa.

Ciwon bai ba ni wuya kamar 'yan dubiya ba. Yaya Sale kullum sai ya tako keke daga Durba, wai Rabi ta ce ba ta cin tuwo sai ta ga hoto. Kafin in ankara ya ɗaga murfi ya danna waya, wuta ta haska fal a idon ɗan zomo. Ya daka tsalle ya bugi kwali har ciwon ya tsage. Na ce, "Yaya, kai fa da lauje ka fara, yanzu da waya za ka ƙarasa?" Daga ranar na karɓe aikin hoto. Ni nake ɗauka ta huji da safe, ba wuta. Hoton duk duhu ne, sai ɗan ido ɗaya na ƙyalli. Ya ce ya isa, idon Rabi take nema.

Da ya fara taɓa ganye kuwa sai wani tashin hankalin. Ina zan samu ciyawar da ba a fesa ba? Ban yarda da kowa ba, ko da ubana ne ya yanko. Ni da kaina nake hawa dutse in tsinko harkiya a tsakanin duwatsu, inda ba mahaukacin da zai hau da tanki a baya. In na zuba masa sai in tsugunna in kasa kunne, kamar ni na ci.

Sai ranar kasuwa Iya Abu ta zo da kanta. Na tafi karɓo madara wajen Inna Dije, Ummata kuwa ta ga tsohuwa da sanda ta yi sallama, ai ba ta hana ta shiga. Ina dawowa na tarar da ita a kan tabarmata, zomo a cinya, cokali a hannu, ga ƙwarya a gefe.

Ta ce, "Kai ɗan nan, horon yunwa kake masa? An ce min ɗigo-ɗigo kake ba shi kamar maganin ido. Na ba shi ya ƙoshi."

Na ce, "Iya, madarar mece ce?"

"Ta saniya mana, tatsar yau. Da ita na raini 'yan tumaki ba adadi."

Tsohuwa ce, uwar wani. Na durƙusa na ce, "Iya, sannu da ƙoƙari." A raina kuwa salati nake.

Kafin la'asar ciki ya yi tam kamar ganga. Ya ƙudundune a kusurwa yana cizon haƙora, ido a lumshe. Wannan kumburin na san shi, da yawa ba sa tashi. Na tsai da madara, sai ruwan ɗumi ɗigo-ɗigo. Na sa kan yatsa ina shafa cikin a hankali daga ƙirji zuwa wutsiya, in huta, in mai da shi jikin kwalba, in sake. Abu ɗaya ake jira a irin wannan, kashi. In ya fito akwai rai, in bai fito ba ka nemi fartanya. Iya ta ga fuskata ta gane ta yi ɓarna. Ta ƙi komawa Durba, ta shige ɗakin Ummata da carbinta. Yaya Sale ɗanta na fari ne, ba ta faɗar sunansa, sai dai ta riƙa aiko min, "A ce wa wancan kada ya faɗa wa yarinyar nan komai."

Dabarar 'yan tasha ta zo min, ai kun san ba za ta ƙi zuwa ba. Na ce in ya mutu in sa yara su nemo min wani mai kamarsa in musanya, wa zai sani? Sai na tuna kunne. Wato sai na kama lafiyayye na datse masa kunne da almakashi ke nan. Kuma Iya ta san yankan nan kamar yadda ta san tsagar fuskarta. Na watsar.

Da gari ya waye na ɗaga murfi, ban ko so dubawa ba. Sai ga 'yan ƙwayoyi baƙaƙe a kan tsumma, ƙanana kamar gero. Wallahi ban taɓa murna da kashi irin ta ranar ba. Na kwashe a ganye na kai ƙofar ɗaki na ce, "Iya, albishirinki." Ta leƙa ta ce, "Alhamdu lillahi." Sai ta karɓa ta ƙulle a bakin zani, wai za ta kai wa Rabi ta gani da idonta.

Ya warke. Ciwo ya rufe, gashi ya fito, ya bar madara ya koma harkiya da ganyen gyaɗa. Ƙafafun baya suka miƙe, kwali ya yi masa kaɗan, na mai da shi keji, ai kejina duk a wofi suke. Ku a nan za ku ce aiki ya ƙare. A nan ya fara.

Na daji in ya girma ba ya zaman keji. Ranar da ya fara gudun hannunka, sallama yake maka. Wannan ya fara gudun hannuna, Rabi kuwa shiru. Watan da Iya ta ƙirga ya zo ya wuce, ba naƙuda ba alamarta. Shi kuma da rana ta yi sanyi sai ya fara. Ya ja da baya ya ruga ya daki wayar kejin da hanci, ya dawo ya sake. Na lulluɓe kejin da buhu, na liƙa tsumma ta ciki, na hana yaran gida ko tari a wajen. A banza. Fatar hanci ta saɓule, waya duk jini. Ya daina ci. In na shafa bayansa ƙashi nake ji. Rannan da safe na tarar da shi a kwance ta gefe yana haki, na ɗauka ma an gama, sai da na ga kunnen ya motsa.

Na hau keke sai Fammar. Baba Tanimu ya saurare ni har ƙarshe yana ɓare gyaɗa, ya ce, "Ba ciwo ba ne, daji yake so. Ka sake shi ko ka binne shi, zaɓi ɗaya."

Na ce, "Baba, an ce in riƙe shi sai ta haihu."

Ya ce, "To ka je ka yi masa bayani, ko zai jira."

Na sa shi a kwando na rufe da zani, na ɗaure a bayan keke. Duk inda hanya ta yi gargada sai in sauka in tura, har Durba. Iya ta sa aka shigar da ni tsakar gida. Yaya Sale na tsaye jikin rumbu, Rabi na daga bakin ƙofar ɗakinta, ƙafafu duk sun kumbura. Na gaida kowa, na faɗi abin da ya kawo ni.

Iya ta ce, "A sake shi? Ka ji ɗan nan! In shaho ya sure shi fa? In kare ya kama?"

Na ce, "Iya, in shaho ya sura, shaho ne ya kashe. In ya mutu a kejina kuwa, kowa ya san abin da ya kai shi kejin."

Ta ce, "Kai dai bakinka ya fi aikinka. Ni abin da idona ke gani na sani. Yana keji, in an tambaye ni in ce ga shi. Ka ƙara masa zuma, ka ƙara masa madarar taka. Saura ƙiris."

"Iya, ba zai kai ƙiris ɗin ba."

Na dubi Yaya Sale ko zai sa baki. Ina! Ya dubi uwarsa, ya dubi matarsa, ya koma kallon rumbu kamar yau ya fara ganinsa.

Sai Rabi ta ce, "Iya, a yi haƙuri in yi magana. Dokta, miƙo shi in gani."

Na matsa na ɗaga gefen zanin kaɗan. Ta daɗe tana kallon hancin nan. Sannan ta ce, "Kullum in na ji ƙarar keken maigidan sai gabana ya faɗi. Jira nake ya shigo ya ce ya mutu. Hoton ma da nake cewa a kawo, tsoron dubawa nake. Na gaji da jiran nan, Iya. In yana daji, ba wanda zai zo min da labarin mutuwarsa. A sake shi."

Iya ta juya carbinta, ta juya, can ta ce, "To. Ke ce mai cikin."

Da rana ta kusa faɗuwa muka fita ta bayan gida. Akwai wani dutse a ƙarshen gonarsu, kyasuwa ta yi duhu a gindinsa, Yaya Sale ya rantse min ba a taɓa fesa wajen ba. Rabi ta taka a hankali, Iya na riƙe da ita, suka tsaya daga nesa. Na ajiye kwando na kwantar da shi ta gefe, na janye zani, na ja da baya.

Ya ƙi fitowa.

Muna tsaye ba mai motsi. Na ce a raina shi ke nan, na makara, ƙarfin ya ƙare, a gaban matar nan zai mutu, kuma ni na kawo shi. Gumi ya jiƙa min riga. Wani kare ya yi haushi can cikin gari. Na ji Iya ta fara cewa, "Kun gani ko, ni dama..." Rabi ta riƙe mata hannu.

Sai ga hanci ya leƙo. Ya fito da rabin jiki, ya shinshina ƙasa, ya kama wani ɗan ganye ya gutsura. Ya ɗaga kunne ɗaya da rabi. Kafin in ƙifta ido ya yi nan, ya karya ya yi can, ciyawa ta rufe. Ko waiwaye, ɗan banza, bayan duk madarar da na saya.

Muka juyo. Muna shiga gida na ji Rabi na cewa, "Iya, akwai sauran tuwon rana?"

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi wuya a duk aikin, don ba abin da ya rage a hannuna. Ba sirinji ba kwalba. Ni na ce a sake shi. In wani abu ya samu cikin nan, na san sunan wa za a kira a Durba har jikoki. Yanzu ni ne na koma jin ƙarar keke gabana na faɗuwa. Ko mai gyaran tukunya ne ya wuce sai na miƙe.

Rannan da hantsi ina wanke kejin da ba kowa a ciki, sai ga Yaya Sale. Ya diro ya sake keke ya faɗi, kamar wancan karon. Na saki wankin na miƙe.

Ya ce, "Ta sauka."

Na ce, "Lafiya?"

Ya ce, "Mace." Sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Ka san Iya? Ungozoma na miƙo ta, ba ta tambayi mace ce ko namiji ba. Kunne ta fara dubawa. Ta juya na hagu, ta juya na dama. Biyu cif."

Bayan suna ya zo min da zomayen gida, mace da namiji, a kwali. Duk waɗannan da kuke gani a keji jikokinsu ne. Sunan Mai Maƙabarta kuma ya bi ruwa, sai wani yayanku guda da har yau bai ji labari ba.

Yarinyar yanzu har ana aikenta. Iya Abu ta ƙara tsufa, amma ranar kasuwa ba ta wuce ƙofar nan ba ta tsaya ba. Ba ta shigowa, tun ranar madarar nan ta hana kanta. Sai ta dogara sanda ta ce, "Ɗan nan, yana nan?"

Zomon daji ba ya daɗewa haka a duniya, ni na sani, ina jin ita ma ta sani. Sai in ce, "Yana nan, Iya. Ba wanda ya kawo labari."

Ta ce, "To madalla," ta wuce.

Kai mai jar hula, na ga hannunka na zuwa wajen murfin nan. Taɓa ka gani.